Tsutsa a Ganyen Gwaibar Yaya

Yayana mai dashe ne. In ka bi babban titin da ya fita gari, ka wuce wurin masu wankin mota, za ka ga wani fili da aka kewaye da waya, cike da baƙaƙen ledoji jere-jere, kowace da ɗan tsiro a ciki. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi. Kowa Mai-dashe yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Ni Yaya nake cewa, shi kuma ya ce mini Auta, ko da yake yanzu ina da 'yar da ta fi ni tsawo.

Ba mutum ne mai yawan magana ba. Tun da safe za ka same shi a tsugune yana cakuɗa ƙasa da taki da yashi, yana ɗurawa a leda, yana buga gindin ledar a ƙasa don ta zauna daidai. Manyan yatsunsa duk sun tsattsage, ba sabulun da yake fitar da baƙin da ke ciki. Kasuwanci kam bai iya ba, kuma a gabansa ma na faɗa. Sai mai mota ya tsaya, ya nuna wani lemo ya ce shi yake so, Yaya ya juya ganyen ya duba bayansa ya ce, "Wannan ba shi da lafiya, ka dawo in ya warke." Mutumin ya ja motarsa ya tafi wurin maƙwabcinsa, a sayar masa da wanda ya fi wannan ciwo. Matarsa ta yi mita har ta gaji ta bari.

Ba shi da gidan kansa, ba shi da mota, keke ne abin hawansa. Abin da yake da shi wanda ba kowa ke da shi ba, gwaiba ce. Tun yana saurayi ta tsiro masa a cikin sauran tsirrai, ba wanda ya san daga inda ta zo. Da ta fara 'ya'ya aka ga cikinta ja ne, ƙwayoyinta 'yan kaɗan, ƙamshinta kuwa in ka sa ɗaya a ɗaki sai duk wanda ya shigo ya tambaya. Matsalarta ɗaya, in ka shuka ƙwayarta gwaiba ce irin ta kowa za ta fito maka. Sai dai a samo ta daga reshe. Yaya yakan zaɓi reshe mai kauri kamar yatsa, ya zagaye bawon da wuƙa ya ɓare, ya dunƙula jiƙaƙƙiyar ƙasa a wurin, ya naɗe da leda ya ɗaure. In saiwa ta cika ledar sai ya yanke reshen ya dasa. Da haka ya yi wa uwar 'ya'ya, ya jera su a bayan filin, suka girma suka zama uwaye su ma. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, daga jikinsu yake cire duk wadda ya sayar. Gwaibar Mai-dashe ta shiga gidaje da yawa a garin nan, kuma ya san kowane gida, don yakan bi sahu ya ga ko ta kama.

Mijina abokinsa ne tun suna 'yan firamare. Yaya ya tsaya a hanya, shi ya ci gaba da karatu har ya sami aiki a ofishin kare amfanin gona, a wani ɗaki mai warin magani, cike da akwatunan katako da aka jera ƙwari a ciki, kowane an soke shi da allura. Yaya ne ya laƙaba masa Likita, wai likitan da duk majinyatansa suka mutu. Yaya ne kuma ya fara kawo shi gidanmu, don haka in ana neman wanda zan ɗora wa laifin aurena, ba sai an je da nisa ba.

Aikin Likita shi ne a kawo masa ƙwaro ya faɗi ko wane ne. Na yarda ya iya. Yakan kawo tsutsotsi gida a kwalabe, don ranakun hutu ba mai canza musu ganye a ofis, kuma kun san wa aikin ya faɗa wa. Na raini yara, na raini tsutsa. A bakin tagar ɗakin girki suke zama, an rufe bakin kowace kwalba da yankin ƙyalle an ɗaure da roba, ni ce mai sa sabon ganye in kwashe kashin. Wajen ƙananan faɗa-wuta, ƙwarin nan masu fiffike da ke bin fitila, irin waɗanda tsutsarsu ke naɗe ganye, yana da ƙa'ida guda da na ji har na haddace. Duk kamarsu ɗaya, ruwan ƙasa, ba su wuce farcen ƙaramin yatsa ba, kuma wai fiffike maƙaryaci ne. Sai an sami namiji, a cire ƙarshen cikinsa, a jiƙa a magani har ya yi laushi, a buɗe a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kowane iri da tasa siffar a wurin, kamar haƙoran makulli. "Duk wanda ya raɗa wa irin waɗannan suna bai ga namiji ba, caca ya yi," haka yake cewa, ko da ba wanda ya tambaye shi.

Lokacin da gwaiba ke sabon toho Yaya ya zo mana da leda a rataye a ƙahon keke. Ya zauna a tsakar gida ya fito da ganyaye, kowane an naɗe bakinsa an ɗinke da zare kamar na gizo-gizo. Ya buɗe ɗaya da farce, wata 'yar koriyar tsutsa ta yi ta mutsu-mutsu da baya, ta faɗo tana lilo a jikin zare. Fuskar Yaya ba walwala, kuma na san dalili. A lokacin ofishin su Likita a tsaye yake kan wani baƙon ƙwaro mai naɗe ganye da ake tsoron shigowarsa, wanda ba ya zaɓe, lemo, mangwaro, gwaiba, duk ci yake. Umarnin da aka bayar shi ne duk inda aka same shi a sare itatuwan wurin a ƙone.

"Likita, ka duba mini wannan tsakaninmu," in ji Yaya. "In shi ne, shi ne, ba zan ɓoye ba. Amma in ji daga bakinka."

"Haba, sai ka ce wani baƙo. Ba zan ce uffan ba sai na tabbatar, kuma kai za ka fara ji."

Tsutsotsin suka hau tagata. Manyan cikinsu suka daina ci, suka lafe a cikin naɗin, bayan 'yan kwanaki suka fara fitowa da fiffike. Duk mata. Likita ya duba su ya sake dubawa, ya ce zanen fiffiken ya yi kama da hoton baƙon, zai je ofis ya gwada da abin da ke akwati. Abin da ya faru a can daga baya na ji. Daraktansu ya leƙo ɗakin, ya ga abin a kan tebur, ya tambaya. Likita ya ce ya yi kama. Darakta ya ce kama ko shi ne? Mutumin da ya yi shekara da shekaru a ɗaki mai warin magani ba wanda ya taɓa leƙo shi, yau ga Darakta tsaye a kansa, ga ma'aikata sun taru a ƙofa. Ya ce shi ne, ya sa hannu. Kafin la'asar an ɗaure jan ƙyalle a ƙofar filin Yaya, ba shiga ba fita, ko ganye ɗaya. A bakin masu ɗaure ƙyallen Yaya ya ji.

Na yi faɗa ranar, na ce ina alkawari, ina namijin da kake ta yi mana wa'azi a kai? Ya ce abin ne ya zo da gaggawa. Yaya kuwa da na je ina huci, shi ya riƙa ba ni haƙuri. "Aikinsa ya yi, Auta. Kina so ya ci amanar aikinsa saboda ni?"

Saura ƙananan tsutsotsin a tagata, ga shi an hana fito da ganye daga filin. Na tsinko musu na lemon tsakar gidanmu, tunda an ce ba sa zaɓe. Ko kallonsa ba su yi ba. Na sa na mangwaro, haka. Suka yi ta yawo a jikin kwalba har wasu suka mutu, sai da na roƙo ganyen gwaiba a maƙwabta sannan suka kama ci. Na gaya wa Likita da rana muna cin abinci, a matsayin ƙorafi kawai, na ce baƙin naka 'yan gayu ne. Ya ajiye cokali, ya tashi ya je ya daɗe tsaye a gaban tagar.

Ranar wata Asabar da safe na ga wani ɗan siririn faɗa-wuta a jikin ƙyallen bakin kwalba, ya fi sauran ƙanƙanta. Na kira Likita, ya ce namiji ne. Ya ɗauko tsohon madubinsa na gida ya kafa a teburin cin abinci, ya kori yara waje. Ina wanke-wanke ina jin ƙarar hantsaki a kan gilashi. Can na ji shiru ya yi yawa, na leƙo da kumfa a hannu.

"Ba shi ba ne," ya ce, bai ɗago ba.

Ya jawo wani littafi mai kauri ya yi ta buɗawa, har ya tsaya a kan wani ɗan zane a ƙasan shafi. Ya ce wani iri ne da ba a san komai sosai a kansa ba, waɗanda suka taɓa ganinsa ma 'yan kaɗan ne. Tohon gwaiba kawai yake ci, ya ɗan naɗe ganye ya tafi abinsa, itacen ko a jikinsa. Mai yiwuwa ma ya riga mu zama a garin, ba wanda ya kula ne. Na goge hannu a zane na ɗauko waya zan kira Yaya, ya riƙe hannuna.

"Ki bari tukuna. In magana ta fito ta bakinsa kafin in gyara a ofis, cewa za a yi na yi wa surukina alfarma. Litinin da safe zan shiga wurin Darakta."

Maganar ta shige ni, na ajiye wayar. Litinin ya dawo ya ce ana dubawa. Washegari ma ana dubawa. Daga nan sai ya dawo mini da fuska a murtuke, ya ce Darakta ya ƙi, wai namiji ɗaya ba hujja ba ne, wataƙila duka irin biyun suna wurin, rigakafi ya fi magani. Ya ce ya yi iya yinsa, kuma in na gaya wa Yaya yanzu baƙin ciki kawai zan ƙara masa. Na zauna na tsine wa Darakta, mutumin da ko fuskarsa ban sani ba.

Na je ranar da aka sare. Sun zo da babbar mota da zarto mai inji da jarkokin kananzir. Suka fara da ledoji, suna jifa da su cikin rami, lemo da mangwaro da gwaiba, furanni kawai suka bari. Sannan suka nufi bayan filin. Uwar ita ce ta ƙarshe, kuma ta ba su wahala, zarton ya yi ta maƙalewa a jikinta. Akwai rassa a jikinta da ledojin Yaya a ɗaure, saiwa ta riga ta cika su, ana ganin fararen jijiyoyin ta cikin leda. Yaya ya ce wa shugaban masu saran ko za a bar masa reshe ɗaya, ya tsige ganyen duka, ya wanke da magani. Mutumin ya waiwayi Likita. Likita ya sunkuyar da kai ya girgiza, sannan ya matso ya dafa kafaɗar Yaya, ya bar hannunsa a nan har wutar ta ci ta cinye. Ni ina gefe ina kuka, har ina tausayin mijina.

Bayan haka Yaya bai kwanta ciwo ba kamar yadda muka ji tsoro. Matarsa ta ce mini kullum da sassafe yake ɗaukar keke ya fita, wai yana bin gidajen waɗanda suka taɓa sayen gwaibarsa yana ba su haƙuri. Na ce halinsa ne, a bar shi, ya fi zaman tagumi.

Ba a daɗe ba aka ƙara wa Likita girma, aka fitar da shi daga ɗaki mai wari aka ba shi ofis mai labule. Wata Lahadi da rana Darakta ya biyo ta gidanmu taya murna. Ashe wani ɗan gajere ne mai fara'a, ba dodon da na zana a raina ba. Na kawo musu ruwa da lemon kwalba, ina ajiye tire ya dube ni.

"Uwargida, na san filin na yayanki ne, kuma wallahi abin ya dame ni. Ranar da za a sare, da safe, sai da na kira maigidanki na ce, in akwai ko ɗigon shakka a ranka ka faɗa, mu dakata, ba mai kora mu. Ya ce babu. Mutumin da zai faɗi haka a kan surukinsa, ai irinsu muke nema."

Ban san yadda na ajiye kofin ƙarshe ba tare da ya fashe ba. Na dubi Likita, shi kuma ya dubi silin. Na koma ɗakin girki na tsaya a gaban tagar nan. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba. Da ni aka yi renon tsutsotsin, a kan teburina aka ga gaskiya, sannan aka ɗaure mini baki da ƙarya aka tsayar da ni ina kallo.

Da Darakta ya tafi ban ɗaga murya ba, abin ya wuce nan. Na ce, "Ko shiga wurinsa ba ka yi ba."

"Na je har ƙofa," ya ce. "Ki fahimce ni. Na riga na sa hannu, an kai maganar sama, kowa ya ji. In dawo in ce na yi kuskuren da ko sabon ɗauka ba zai yi ba? Kuma mai filin surukina? Da me zan ƙare?"

"Shi da me ya ƙare?"

"Ai ban yi haka ba sai da na yi tunani. Gwaibar nan tana gidajen mutane ko'ina a garin nan, ofis bai san da su ba, ni kuma ban faɗa ba. In ƙura ta lafa sai ya je ya ɗaura ledarsa a reshe, ya sake tayar da ita. Ni da kaina zan taimaka masa. Ba abin da ya ɓata wanda ba zai dawo ba."

Na tsani maganar, amma na riƙe ta, don ita kaɗai ce abin riƙewa. Washegari da yara suka tafi makaranta na hau mota zuwa filin, ina ta shirya yadda zan fara: in fara da mummunan labarin, in rufe da mai daɗin. An cire jan ƙyallen. Bayan filin fayau, sai baƙin tabo a ƙasa. Na same shi a tsugune yana ɗura ƙasa a leda, ya ɗaure tafin hannunsa na dama da tsumma. Na jawo wani bokiti na kife na zauna, na gaya masa komai, tun daga ganyen lemon da suka ƙi ci har zuwa maganar Darakta. Bai katse ni ba, bai kuma daina ɗura ƙasar ba sai can wajen ƙarshe.

"Ranar da ya dafa ni ɗin nan, ya sani?"

"Ya sani, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na yi sauri na kawo ɗaya maganar, na ce amma ba ta ƙare ba, tana nan a gidajen mutane, tunda lafiyarta ƙalau sai mu je mu roƙi reshe, wa zai hana ka?

Ya dubi hannunsa mai tsumma, sannan ya dube ni.

"Ina kike zaton nake zuwa kullum da safe?"

"An ce haƙuri kake ba mutane."

"Haƙuri da gatari. Na ce ni na kai musu cuta gida, ba zan jira sai ta cinye musu lemo da mangwaro ba. Ofis bai san gidajen ba, ni na sani." Ya ture ledar gefe. "Wasu sun yarda nan take, wasu sai da na yi ta sintiri. Ta ƙarshen jiya na gama da ita, gidan wata tsohuwa a bayan asibiti. Ta yi 'ya'ya har rassan sun sunkuya, sun kusa nuna. Ta ce in bari jikokinta su ci na bana. Na ce mata, Baba, wanda ya duba abin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Na ce to kututturen fa, ai gwaiba tana sake toho.

"Shi ya sa na tone su," ya ce. "Gwaiba taurin rai gare ta, in ka bar mata ko guntun saiwa sai ta dawo. Kowane gida sai da na bi saiwar har ƙarshe, na tara na ƙone a gabansu. Ban bar ko ɗaya ba, Auta."

Ya jawo wata ledar ya buɗe bakinta, ya riƙe ta haka a buɗe, bai zuba komai a ciki ba.